Mahauci da ciwon baya na wata huɗu: tibin ƙashi ne ko burusela?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a wani asibiti a cikin garin Kaduna. Muna da majinyaci, mahauci ɗan shekara 46, wata huɗu ke nan yana fama da ciwon baya daga ƙasa, da zazzaɓin yamma mai zuwa yana tafiya, da zufar dare, kuma ya rame. An yi masa maganin maleriya da na taifot ba sau ɗaya ba. A wata na biyu maraininsa na hagu ya kumbura, aka ba shi sifuro, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, kumburin ya sace. Ba ya tari, hoton ƙirjinsa lafiya lau, GeneXpert na majina, gwajin da ke neman ƙwayar tibi, wato tarin fuka, bai nuna komai ba, ba shi da ƙanjamau. Mun yi masa gwajin kan gilashi na burusela, cutar nan da mutum ke ɗauka daga dabbobi, ya fito babu. Yanzu ana shawarar a fara masa maganin tibi a ga yadda hali zai yi. Wannan gwajin ya isa mu cire burusela daga lissafi? Kuma ta waɗanne fuskoki take zuwa da ba a saba gani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Bai isa ba. Ina kuma roƙon ku da ku dakata da maganin tibin nan na ƴan kwanaki, har sai an ɗebi jininsa an yi abin da zan bayyana. Sharaɗi ɗaya ne: idan ƙafafunsa sun fara rauni ko mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun fara kufce masa, to babu zancen jira, a tura shi yau wurin likitocin ƙashi ko na laka, a yi hoton MRI mai nuna ƙashi da laka dalla-dalla, sauran bincike ya biyo baya.

Dalilin dakatawar shi ne rifamfisin. Yana cikin magunguna huɗun da ake fara wa mai tibi, kuma yana cikin manyan magungunan burusela. Idan mutumin nan burusela ce ke cin sa kuka ba shi maganin tibi, zazzaɓi zai sauka, zufa ta ragu, ya fara cin abinci, kowa ya ce ai ga shi an gano ciwo. Alhali cikin huɗun nan rifamfisin kaɗai ke taɓa ƙwayar burusela, kuma magani ɗaya ba ya kakkaɓe ta daga ƙashi. Zai sha wata da watanni na magungunan da ke wahalar da hanta, bayan ya gama ciwo ya dawo, a ce tibi ce mai bijire wa magani. A lokacin kuma shukar jini, wato renon jini a kwalba don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, ba za ta tsirar da komai ba. Sauƙin da majinyaci ya samu a kan maganin tibi ba hujja ba ce cewa tibi gare shi. Haka ma sifuron da ya sace kumburin maraini: yana danne burusela na ɗan lokaci, ba ya kashe ta.

Kafin a koma lab, a koma wurin majinyaci. Cewa shi mahauci ne bai wadatar ba. A tambaye shi wane aiki yake yi a kwata: yanka, fiɗa, ko wankin kayan ciki? Yana taɓa mahaifar saniyar da aka yanka da ciki, yana ciro ɗan tayi da hannu? Yana riƙe wuƙa a baki yayin fiɗa? Yana ɗanɗana ɗanyar hanta? A dubi hannuwansa da kyau, mahauci ba ya rabuwa da ƴan yanke-yanke, kuma ta nan ƙwayar ke shiga, ko ta ido idan ruwan mahaifa ya fantsama, ko ta numfashi. Tsokar nama ba ta ɗauke da ƙwayar da yawa. Inda take taruwa shi ne mahaifa, mabiyiya, hantsa, maraina, hanta da saifa. Sai zancen nono. Kada a ce masa "kana shan ɗanyar madara?", zai ce a'a da gaskiyarsa, don shi fura da nono yake sha. A tambayi inda nonon ke fitowa, da ko ana tafasa madarar kafin ta kwana. Wasu masu nono na tafasawa, wasu ba sa yi, kuma tsami shi kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar. Idan majinyaci makiyayi ne, daga wajen Kachia ko Ladduga misali, a tambaye shi ɓari a garke, da mabiyiyar da ta ƙi faɗuwa, da bakkale, wato kumburin gwiwar nan mai ruwa da shanu ke yi. Dabbar da ke zubar da ƙwayar a nono takan kasance ƙalau a ido. Tun 1905 aka gano haka a tsibirin Malta, lokacin da wani likita mai suna Zammit ya same ta a awaki masu ƙoshin lafiya, shekara 18 bayan David Bruce ya fitar da ita daga saifar sojojin Ingila a 1887. A tuna kuma daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki mako 1 zuwa 4, wani lokaci har watanni, saboda haka a tambayi abin da ya faru tun Babbar Sallar da ta wuce.

Abin da bai kamata a ɓoye ba shi ne, wannan tarihin duka biyun yake nunawa. Tibin shanu ma ta nono da kwata take kama mutum. Shi ya sa tarihi ba zai raba gardama ba, sai gwaji mai kyau.

To me ya sa na ce gwajin da kuka yi bai isa ba? Abin da yawancin ƙananan lab ke da shi shi ne kwalaben nan da ke zuwa a kwali ɗaya da na Widal, gwajin taifot, ɗaya an rubuta abortus, ɗaya melitensis, wato sunayen jinsin ƙwayar biyu. Wannan gwajin ta ko'ina yana kuskure. Yana cewa akwai ga wanda ba shi da ita, yana cewa babu ga mai ita, kuma kwalabe biyun ba sa bambance jinsin ƙwayar, don garkuwar da jiki ke yi wa ɗaya tana kama ɗayar. A tsohon ciwo irin na majinyacinku akwai ƙarin matsala biyu. Ta farko, idan sinadaran garkuwa sun yi yawa ainun a ruwan jini, sukan rufe ƙwayoyin gwajin su hana su dunƙulewa, sai ruwan jinin da ba a sirka ba ya nuna babu, amma da an sirka shi sai dunƙulewar ta fito sarai. Ta biyu, yayin da ciwo ke daɗewa, nau'in garkuwar da ake kira IgM mai saurin dunƙulewa yakan ja baya, a bar nau'o'in IgG da IgA waɗanda ke manne wa ƙwayar ba tare da sun dunƙule ta ba. Mai ciwon wata huɗu da ya zauna a ƙashi shi ne ainihin wanda gwajin gilashi ke tsallakewa.

A nemi gwajin garkuwa na Rose Bengal. Ba shi da tsada, ba ya bukatar na'ura, kuma ruwan gwajinsa mai tsami ne, a ma'aunin pH wajen 3.65, wanda ke rage waɗancan matsaloli biyu ƙwarai. Iri ɗaya ne da wanda likitocin dabbobi ke amfani da shi, don haka idan lab ɗinku ba su da shi, masu aikin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom sun san shi sarai. Ga yadda ake yi. A fito da ruwan gwajin daga firji ya huce ya yi daidai da ɗumin ɗaki, a girgiza kwalbar sosai. A ɗiga maikurolita 30 na ruwan jini a kan farin tayil, a ɗiga 30 na ruwan gwaji kusa da shi, a gauraya su zama da'ira kamar faɗin santimita 2, a riƙa karkata tayil ɗin a hankali. Ga dabba minti 4 ake jira, ga mutum a kai minti 8, domin jinin mai tsohon ciwo yana jinkirin dunƙulewa. A sa jinin da aka san yana da ita da wanda aka san ba shi da ita a gefe, kowane lokaci. Da hunturu ɗigon yakan bushe ta gefe kafin minti 8, busasshen zoben nan ya yi kama da dunƙulewa, saboda haka a kashe fanka, a karanta tsakiyar ɗigon ba bakinsa ba. Kwalbar da ta daskare a firiza, ko ta kwana da zafi saboda rashin wuta, a zubar da ita.

Idan ya nuna akwai, aiki bai ƙare ba, domin mahauci ko makiyayi na iya ɗauke da garkuwar tsohuwar haɗuwa da ƙwayar alhali ciwonsa na yau wani abu ne daban. Sai a sirka. A jera ɗigon ruwan gishiri na maikurolita 30, a zuba 30 na ruwan jini a na farko a gauraya, a ɗebi 30 daga nan zuwa na biyu, haka har na ƙarshe a zubar da rarar, sannan a ƙara wa kowanne 30 na ruwan gwaji. Wanda ba a sirka ba ana ƙirga shi 1:2, ɗigon farko 1:4, na biyu 1:8. Daga 1:8 zuwa sama, tare da alamun ciwo, hujja ce mai ƙarfi. Ƙasa da haka a maimaita bayan mako 2 zuwa 3. Idan gwajin dunƙulewa na cikin siraran kwalaben lab aka samu, 1:160 ake ɗauka, ga mai hulɗa da dabbobi kullum 1:320 ya fi kwanciyar hankali, kuma a roƙi lab su ci gaba da sirkawa har 1:1280 ko da kwalaben farko sun nuna babu. Inda zato ya yi ƙarfi amma duk waɗannan suka ce babu, gwaje-gwajen garkuwa masu zurfi irin su Coombs na burusela, ko Brucellacapt, ko ELISA na IgG su ke kama garkuwar da ba ta dunƙulewa. ELISA na IgM shi kaɗai bai dace da mai ciwon wata huɗu ba. Sannan a sani cewa kwalara da rigakafinta, da wasu ƙwayoyin gudawa irin su Yersinia enterocolitica O:9 da E. coli O157, na iya sa gwajin ya ce akwai a ƙaramin mataki. Burusela ta karnuka kuwa, Brucella canis, waɗannan gwaje-gwajen ba sa ganin ta sam.

Shukar jini ita ce tabbaci. A ɗebi jini sau 2 ko 3 daga wurare daban, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kafin a ba da ko ƙwaya ɗaya ta magani, kuma ba sai an jira zazzaɓi ya tashi ba. Na'urar zamani takan kama ta cikin kwana 5 zuwa 7. Inda da hannu ake yi, sai an ajiye kwalbar mako 4 ana dasawa a faranti lokaci-lokaci. A nan ake asara, don al'adar lab ita ce a zubar da kwalba bayan mako guda a rubuta babu abin da ya tsiro. A tsohon ciwo jini sau da yawa ba ya tsirar da komai, ɓargo ya fi shi, musamman ga wanda ya sha magunguna. Don Allah a rubuta "ana zaton burusela" ɓaro-ɓaro a takardar, a kuma faɗa da baki. Tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan lab a duniya, ƙwaya 10 zuwa 100 a iska sun isa. Kada a shinshina faranti, kada a buɗe shi a kan tebur. Idan suka ga ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗaukar jan rini dishi-dishi kamar rairayi, masu jinkirin tsiro, masu amsa gwajin oksides da na yuriyes, su tsaya nan su rufe, su tura inda ke da kayan kariya. Wasu na'urorin tantancewa sukan ba ta sunan wata ƙwaya, Ochrobactrum, a ɗauka datti ne.

Yanzu bayan majinyacinku. Hoton ƙashi na farkon ciwo yakan fito lafiya, amma a wata huɗu ya kamata a ga wani abu. Burusela ta fi son ƙasan baya, musamman gaɓa ta 4 da ta 5 na ƙugu. Takan fara da cin kusurwar sama ta gaban gaɓar, abin da ake kira alamar Pedro Pons, faifan da ke tsakani ya matse, sannan sabon ƙashi ya tsiro a gefe ya lanƙwasa. Tana ci tana gyarawa a lokaci guda, shi ya sa gaɓar ke riƙe siffarta, shi ya sa kuma ake karanta hoton a ce tsufan ƙashi ne kawai. Tibi ta fi kama tsakiyar baya da mahaɗarsa da ƙugu, tana rushe gaɓar har doro ya fito, tana tara mugunya mai yawa a gefen ƙashin, wani lokaci ta gangaro har matsematsi. Waɗannan alamu ne masu karkatar da zato, ba hukunci ba. GeneXpert na majina kuma bai ce komai game da ƙashi ba. Idan MRI ya nuna mugunya ko naman da allura za ta kai gare shi, a ɗebo a raba uku: GeneXpert, shuka a kwalbar jini, da duban nama a madubi. A duba kuma mahaɗar ƙashin baya da ƙashin ɗuwawu: a kwantar da shi rigingine, a ɗora idon sawunsa a kan ɗaya gwiwar, a danna gwiwar da aka lanƙwasa ƙasa. Zafi a ɗuwawu gefe ɗaya yana nuna kumburin wannan mahaɗar, wanda ya fi yawa ga matasa masu burusela kuma ake yawan ce masa ciwon jijiya.

Kumburin marainin nan shi ya fi ja mini hankali a labarin. Zazzaɓi mai daɗewa, ciwon baya, da maraini ɗaya da ya kumbura, ga mai aikin dabbobi, burusela ce a sahun gaba har sai an tabbatar ba ita ba ce. Yawanci gefe ɗaya take kamawa, babu ɗigar mugunya ta gaba, fitsari kuma sau da yawa tsaf yake, abin da ke raba ta da ciwon sanyi. A sikanin takan yi curi mai kama da daji, har a cire maraini a banza. Tibi ma tana kama wurin, sai dai tata takan yi tauri da ƙulli-ƙulli, zafinta kaɗan, wani lokaci ta huda fata tana tsiyaya.

Fuskokin da suka fi haɗari biyu ne. Ta farko ƙwaƙwalwa da laka, wajen mutum 5 cikin 100 na masu ciwon ko ƙasa da haka. Ciwon kai na makonni, sanƙarar wuya kaɗan, gani biyu-biyu, canjin hali ko baƙin ciki mai nauyi da za a kai mutum wurin masu ruƙiyya ko asibitin ƙwaƙwalwa. Alamar da ya kamata ta tsayar da likita ita ce ji da ke raguwa ba tare da ciwon kunne ba, domin jijiyar ji na cikin waɗanda ta fi kamawa. Ruwan laka yakan nuna fararen ƙwayoyin jini na limfosait da yawa, furotin ya hau, suga ya sauka, har ADA, sinadarin da ake aunawa idan ana zaton tibi, ya hau, wato daidai da sanƙarau na tibi. Duk ruwan lakar da ya fito haka ga mai wannan tarihi, a yi masa gwajin garkuwar burusela shi ma, kuma a cikinsa ko ƙaramin mataki abin ɗauka ne. Ta biyu zuciya. Ba ta kai 2 cikin 100 ba, amma ita ke da mafi yawan mace-macen wannan ciwo. Ta fi kama ƙofar babbar jijiyar jini, musamman wadda ciwon zuciya na ƙuruciya ya riga ya lalata, kuma irin waɗannan suna da yawa a asibitocinmu. A saurari zuciyar majinyacinku da kyau, idan an ji baƙuwar ƙara ko yana haki, a yi sikanin zuciya. Ciwon ƙofar zuciya da shukar jini ta ƙi nuna komai, a nemi burusela.

Sauran a taƙaice. Ga yara takan zo da kumburin gaɓa ɗaya, gwiwa ko kwatangwalo, yaro yana ɗingishi, a ɗauka sikila ce ko faɗuwa. Ruwan gaɓar a zuba shi a kwalbar shukar jini. Takan kumbura hanta da saifa, ta ɗan ɗaga gwajin hanta. Fararen ƙwayoyin jini ba sa hawa, daidai suke ko ƙasa, wani lokaci jini gaba ɗaya ya faɗi har a yi zaton dajin jini. Mai ciki na iya yin ɓari, musamman a watanni shida na farko. Ido na iya yin ja da zafi daga ciki.

Idan ta tabbata, doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma shi ne ginshiƙi, kuma ba a ba da shi shi kaɗai. Ga ciwon da bai zauna a wata gaɓa ba mako 6 ne, tare da allurar jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana na kwana 7 zuwa 10, ko sitireftomaisin giram 1 na mako 2 zuwa 3, ko rifamfisin miligiram 600 zuwa 900 na mako 6. Ga ƙashin baya aƙalla mako 12. A garin da tibi ta yi yawa kamar namu na fi son a fara da doksisaikilin da jentamaisin, domin ba sa ɓoye tibi: idan zazzaɓi ya sauka cikin mako guda a kansu, wannan ma ƙarin shaida ce. Rifamfisin ya shigo bayan an cire tibi da hujja, don ba wa mai ɓoyayyar tibi shi ba tare da abokan tafiyarsa ba hanya ce ta haifar da tibi mai bijirewa. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau. A auna aikin ƙoda kafin allurar da kuma tsakiyarta, a riƙa tambayar ji da jiri. Mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 ba a ba su doksisaikilin na wannan tsawon, Septrin da rifamfisin ake duba musu. Ƙwaƙwalwa da zuciya kuwa magani uku ne na watanni, na ƙwaƙwalwa har da seftiriyakson, na zuciya sau da yawa sai an haɗa da tiyata, kuma aikin asibitin koyarwa ne, Barau Dikko ko Shika.

A gaya masa ya sha doksisaikilin da ruwa cikakken kofi, kada ya kwanta sai bayan rabin awa, kuma ya raba shi da nono, kanwa, maganin ƙarin jini da maganin gyambon ciki mai alli da awa 2 zuwa 3, don suna hana shi shiga jiki. Zazzaɓi zai tafi da wuri, ciwon baya sai a hankali, kuma a nan mutane ke ajiye magani. Ciwon na dawo wa mutum 5 zuwa 15 cikin 100, galibi cikin shekarar farko, kuma yawanci ba don ƙwayar ta bijire ba ne, don an katse magani ne ko an bar wani wurin da ta ɓuya ba a gano ba. A riƙa ganin sa a wata na 3, na 6 da na 12. Kada a auna warkewa da gwajin garkuwa ko PCR mai neman ƙwayar halittar cutar, duka biyun sukan ci gaba da nuna akwai bayan mutum ya warke; jikinsa, nauyinsa da ESR, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, su za a bi.

Iyalinsa da suke shan nono ɗaya da shi, da abokan aikinsa na kwata, a tambaye su zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, mai alama a gwada shi. Ba kasafai mutum ke shafa wa mutum ba, don haka babu dalilin ware masa kwano ko ɗaki. Madara a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da likitan dabbobin da ke duba mayankar, shi kuma idan ya koma aiki ya sa safar hannu mai kauri da takalmin roba duk ranar da zai buɗe dabba mai ciki.